Inda Daɓen Ƙofar Gida Ya Haɗu da Hanya: Jagorar Kauce wa Tuntuɓe

Duk wanda ya saba bin layukan sababbin unguwanni a Kano, Kaduna ko Zariya da ƙafa ya san halin da ake ciki. Gida na farko ya yi daɓen siminti ya ɗaga shi kamu guda. Na biyu ya shimfiɗa intalok ya bar bakinsa a tsaye. Na uku ya zubo gangarar mota har tsakiyar layi, na huɗu kuma ya rufe kwata da murfin da ke rawa in an taka. Kowane mai gida ya kashe kuɗinsa, kuma kowa da niyyar gyara ya yi. Amma mai tafiya a ƙasa hawa yake yi yana sauka daga wannan kwana zuwa waccan, idonsa na kan ƙafarsa, in kuwa dare ya yi ko an ɗauke wuta, sai dai ya tafi da addu'a.

Galibin wannan ɓarna a wuri ɗaya take taruwa, wato daidai layin da sabon daɓe ya ƙare hanyar jama'a ta fara. Ƙa'idar da ke magance ta kuwa guda ce: hanya ce ke ba da awo, gida ya bi. Duk bambancin tsayin da ke tsakanin gidanka da hanya, a cikin filinka za ka cinye shi. Sauran abin da ke cikin wannan jagora bayani ne na yadda ake yin hakan, daga buga fegi zuwa biyan cikon kuɗin magini.

Me ya sa ɗan tudu ke kayar da babban mutum

Idan mutum yana tafiya, ba ya ɗaga ƙafa sosai. A lokacin da ƙafar ke wucewa gaba da sauri, tazarar da ke tsakanin yatsunsa da ƙasa ba ta cika wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Tsoho, mai ciki, mai ciwon gwiwa da wanda ya gaji, nasu ɗagawar ta fi haka ƙanƙanta, ga kuma silifa da ke lanƙwashewa, ga bakin zani ko babbar riga da ke tare gani. Saboda haka babban dakali mai tsawon gwiwa bai cika kayar da kowa ba, domin ido na ganinsa. Ƙaramin baki mai kaurin yatsa biyu, wanda launinsa ya saje da ƙasa, shi ne mugun.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Yaro in ya faɗi ya kan tashi ya karkaɗe gwiwa. Dattijo in ya faɗi a hanyar sallar asuba ya karya ƙugu, sau da yawa daga nan ya kwanta ke nan.

Ƙasashen da suka rubuta ƙa'ida a kan wannan sun sa mata lamba. A Amurka, ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 sun yarda da bakin da ke tsaye idan bai wuce milimita 6 ba. Daga 6 zuwa 13, sai an kwantar da bakin. Abin da ya haura 13 kuwa sai an yi masa gangara. A Ingila, ƙananan hukumomi da yawa na ɗaukar milimita 20 zuwa 25 a matsayin lalacewar da ke bukatar gyara a hanyar ƙafa. Wannan awon tsohuwar hanya ce da ta lalace. Sabon aiki ba shi da uzurin kaiwa can. Ka riƙe milimita 6, abin da bai kai kaurin fensir ba.

Iyaka, haƙƙi da izini

Kafin diga ta taɓa ƙasa, ka san inda filinka ya ƙare. Ka duba takardar filin, ka nemo dutsen iyaka idan yana nan. A yawancin unguwannin da aka yanka da tsari, tsirin da ke tsakanin katangarka da bakin titi ba naka ba ne. An bar shi ne don masu tafiya, kwata, bututun ruwa da turakun lantarki. Idan aikinka zai taɓa titin kwalta, bakin dutsen titi ko kwatar da gwamnati ta gina, ka je hukumar tsara birane ta jiharka, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, ka tambayi abin da aka yarda da shi. A nan ne kuma za ka iya jin ko akwai shirin yi wa layinku kwalta, labarin da zai canza lissafinka gaba ɗaya.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019, ta ambaci hanyoyin gefen titi a cikin abubuwan da ya wajaba makaho da mai keken guragu su iya amfani da su. Tun kafin wannan doka ma, malaman fiƙihunmu sun yi magana a kai. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini a mazhabar Malikiyya, kuma alƙalan ƙasar Hausa sun yi aiki da irin waɗannan hukunce-hukunce. Taƙaitawarsu ita ce, mai gida na da damar amfana da bakin katangarsa, ya zauna, ya ɗaure dabba, ya sauke kaya, matuƙar bai cutar da mai wucewa ba. Kowa ya taso yana jin cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. To ina ga wanda ya sayi siminti ya gina abin cutarwar da kuɗinsa?

Fara awo daga hanya

Yadda aka saba shi ne, magini ya tsaya a bakin get ya ɗauki tsayin daɓen tsakar gida, ya yi ta shimfiɗa yana fita waje, sai ya iso hanya ya ga saura kamu guda a sama, ya datse a nan. Ka juya wannan tsarin. Abu na farko da za a yi shi ne a buga fegi biyu a bakin hanya, ɗaya a kowane ƙarshen gabanka, a ɗaure igiya daidai da fuskar hanyar kamar yadda take. Idan layin yana gangarawa daga gabas zuwa yamma, igiyar ma ta gangara haka. Ba a miƙar da bakin daɓe a kan hanyar da ke kwance a karkace, domin sai gefe ɗaya ya yi tudu, ɗayan ya yi rami.

Daga wannan igiya ake auna komai. Ka sa a kawo siririn tiyo mai haske, mai tsawon mita 10 ko fiye, a cika shi da ruwa a fitar da kumfar iska. Ruwan da ke baki biyu na tiyon koyaushe a tsayi ɗaya yake tsayawa, don haka mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin fegin hanya, ɗayan ya riƙe nasa a jikin ginshiƙin get, kowa ya ja layi da fensir, a auna daga layin zuwa ƙasa a wuraren biyu. Bambancin shi ne tsayin da za ka cinye. Ka rubuta shi a jikin katanga inda kowane lebura zai gani.

Ka duba na maƙwabta ma. Mai tafiya a gefen layi ba daga titi yake shigowa daɓenka ba, daga gaban gidan maƙwabcinka yake fitowa. Saboda haka daɓenka baki uku gare shi: na gaba, na dama da na hagu, kuma na gefen nan biyu su aka fi mantawa. Idan maƙwabcinka ya riga ya yi nasa, ka haɗe da shi a kwance. Idan bai yi ba, ka kwantar da ƙarshen naka ya nutse cikin ƙasa. Inda aka yi dace layi guda suka zauna da mai unguwa aka ja igiya ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshe, kowa ya bi ta a lokacin da ya samu hali, wannan ya fi komai sauƙi da arha.

Tsoron ruwa

Da ka ce a sauke daɓen, magini zai ce maka, "Alhaji, a ɗaga shi fa, kada ruwa ya shigo. In aka zo yin titi ma sai ya haye ka." Maganarsa ba ta banza ba ce. Mun ga gidajen da sabon titi ya bari a cikin kwari, ruwan Agusta na kwarara cikin zaure. Amma maganin wannan yana cikin gida. Daɓen ɗakuna shi ake ɗagawa sosai tun a harsashi. Tsakar gida ta bi bayansa, ta kasance ƙasa da shi da aƙalla santimita 15 don kada danshi ya kama bango. Daga tsakar gida zuwa get sai a gangaro a hankali. Idan ana tsoron ruwan layi, a gina siririyar magudana mai murfin ƙarfe a bakin get ta ciki, a kai ta kwata.

Idan kuwa layinku bai samu kwalta ba tukuna, kada ka zuba kankare mai kauri a waje. Ka yi amfani da intalok ko burji da aka daddale sosai, abin da za a iya ɗagawa a sake shimfiɗawa ranar da tsayin titi ya canza.

Haƙa da shimfiɗa

Bayan tsoron ruwa, dalili na biyu da ke sa daɓe ya yi tudu shi ne ƙyashin haƙa. Ana zuba yashi a kan ƙasar da aka tarar, a jera bulo a kai, sai kaurin kayan gaba ɗaya ya tashi sama da hanya. Lissafin a bayyane yake. Intalok na ƙafa da ƙaramar mota kaurinsa santimita 6 ne, wanda tifa ko tankar ruwa za ta hau kuwa 8. A ƙarƙashinsa akwai yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 4. A ƙarƙashin yashin akwai gadon burji ko fasasshen dutse, santimita 10 inda ƙafa ce kawai za ta bi, 15 inda mota za ta hau. Idan ka tara, haƙar ta kama kusan santimita 20 ƙasa da igiya inda ƙafa ce kawai, 25 inda mota za ta hau. Inda ƙasar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ko tsohon juji ne, a ƙara zurfi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi.

Gadon burji shi ne aikin. A zuba shi kashi biyu, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba tare da ya caɓe ba, a bi kowane kashi da injin daddalewa har sai takalmi ya daina barin sawu. Ana samun hayar injin a wurin masu buga intalok, kuma kuɗin hayar yini ɗaya bai kai na sake aikin ba. Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne bakin hanya, jikin kwata, da duk inda aka taɓa haƙa ramin bututu, domin nan ne ƙasa ke zama bayan ruwan farko. Inda injin ba ya shiga, a bi da madaɓin hannu.

Gangaren da zai kori ruwa a jikin burjin ake fitar da shi, santimita 2 a kowace mita. Kada a bari a yi ciko da yashi, wani wuri yatsa biyu wani wuri tafin hannu, domin yashi mai kauri ya fi zama, kuma bayan wata uku fuskar daɓen za ta nuna duk inda aka yi haka. A ajiye bututu biyu masu kauri ɗaya a kan burjin, a zuba yashi, a ja miƙaƙƙen katako a kansu, a cire bututun a cike gurbinsu. Daga nan ba mai taka yashin.

Bakin haɗuwa

Intalok ba siminti ke riƙe shi ba, matsi ne. Kowane bulo maƙwabcinsa ke tokare shi, na ƙarshe kuma dutsen baki ke tokare shi. Idan babu dutsen baki, tayar mota za ta riƙa tura layin ƙarshe waje, bulo ya kife, ya ɗaga kai ɗaya sama. Saboda haka a fara kafa dutsen baki kafin a jera komai. A haƙa masa gurbi, a zaunar da shi a kan kankare mai kaurin santimita 10, a tokare bayansa da kankare har rabin tsayinsa. A bakin hanya, kansa ya zo daidai da igiya, wato a binne shi ya saje da hanya. Dutsen da ke tsaye sama da ƙasa wurinsa gefen fulawa da jikin katanga, inda ƙafa ba ta bi.

A jera bulo a saƙa, kowane ɗaya ya gitta na kusa da shi, domin wannan jeri ya fi jure juyin taya. A bi bakin da layi ɗaya na cikakkun bulo, yankakkun su koma ciki. Gutsuren da bai kai kashi ɗaya cikin uku na bulo ba kada a sa shi, shi ne farkon abin da ke ficewa ya bar rami. A yanka da injin yanka, a daina fasawa da guduma ana toshe giɓi da kwaɓin siminti. Lokacin jerawa, bulo ya ɗan fi dutsen baki tsayi kaɗan, domin injin daddalewa zai nutsar da shi. Bayan an bi da injin, abin da ya rage kada ya wuce milimita 3 zuwa 5. Sai a watsa busasshen yashi mai laushi, a share shi cikin tsagogin, a sake bi da injin, a sake sharewa har su cika.

Idan daɓen siminti za a yi, kwaɓin ya zama ɗaya, biyu, huɗu: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Kauri santimita 10 don ƙafa, 15 don mota. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a siranta bakin kankaren har ya zama kamar wuƙa don ya haɗu da hanya. Siririn baki ba ya kai damina ɗaya, zai farfashe ya bar tsagi mai kaifi. A haƙa bakin ya yi zurfi, kankaren ya shiga ƙasa da cikakken kaurinsa, samansa kawai ya saje da hanya. A ja tsaga a kowace mita 3 don fashewa ta bi ta nan, a kuma yi ta ba shi ruwa kwana 7 kafin mota ta hau.

Gangarar mota

Awon da aka sani na gangarar da mai keken guragu zai iya hawa shi ne ɗaya cikin 12: kowace santimita ɗaya ta tsayi tana bukatar santimita 12 na tsawo. Idan tiyon ruwa ya nuna maka santimita 30, gangararka na bukatar mita 3.6. Da wuya a samu wannan fili a gaban get, shi ya sa ake zubo ta cikin layi ko a miƙar da ita har ƙasan mota na gurzawa. Mafita ita ce a sauke bakin get ɗin kansa, ya kusa daidai da hanya, gangarar ta hau a cikin gida inda kake da fili kuma kai kaɗai ke bi.

Abin da ya rage a waje ka tuna cewa mai wucewa gitta shi yake yi, ba hawa ba. Abin da yake gangara a wurin motarka, karkata ce a wurin ƙafarsa da kurar ɗan garuwa. Ka bar masa tsiri mai faɗin aƙalla mita ɗaya, mita ɗaya da rabi idan wuri ya bari, wanda karkatarsa ba ta wuce santimita 2 a mita ba. Gefunan gangarar kuma kada a bar su a tsaye. A buɗe su a kwance, kowace santimita ɗaya ta tsayi a ba ta 10.

Matakala ɗaya tilo a kan hanya haɗari ce, domin ido ba ya tsammaninta. Idan ƙaramar ƙofa na bukatar matakala, a shigar da ita cikin kaurin katanga ko cikin zaure, kowane taki tsayinsa ɗaya da ɗan'uwansa, kusan santimita 15. Ka duba ƙananan ƙarafan get ma: guntun ƙarfen da ake kafawa a tsakiya don tare ƙyaure, da layin dogon get mai turawa. A binne su su saje da daɓe, sakata ta shiga rami. Get kuma ya buɗe ta ciki.

Kwata da murfinta

A yawancin layukanmu kwata ce ke tsakanin gida da titi, don haka murfinta shi ne ainihin wurin haɗuwar. Abin da aka saba shi ne a ɗora murfin a kan bangon kwatar, sai ya tashi da kaurinsa gaba ɗaya. Daidai shi ne a sassaƙa wa bangon kafaɗa ta ciki, mai zurfin kaurin murfin, yadda zai zauna a ciki samansa ya saje da daɓe ta wannan gefe da titi ta wancan. Kowane gefe ya samu mazauni na kusan santimita 10. Inda mota za ta hau, kaurin murfin ya kai santimita 15 da rodi mai milimita 12 a saƙe, idan kuma kwatar mai faɗi ce ko manyan motoci za su bi, a nemi injiniya ya fitar da awon.

A yi murfin gunduwa-gunduwa yadda mutum biyu za su iya ɗagawa ranar yasar kwata. Murfin da ba ya ɗaguwa ƙarshensa a fasa shi a bar rami. Amma kada a bar hannun rodi a tsaye a samansa, irin lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke kama hancin silifa. A yi masa ɗan gurbi ya kwanta a ciki. Duk murfin da ke rawa a ɗaga shi a gyara mazauninsa da kwaɓi, kada a cusa masa dutse. Idan ragar ƙarfe ce, tazarar sandunan kada ta wuce milimita 13, kuma su gitta hanyar tafiya, don kada sandar makaho ko tayar keke ta faɗa. Inda murfi ya ƙare kwata ta ci gaba a buɗe, a yi ɗan bango mai tsayin da ido zai gani, a shafa masa farin fenti.

Santsi

Tayil mai sheƙi na falo ne. A waje, da yayyafi ya sauka ko an zubar da ruwan alwala, ba ya riƙe ƙafa. Haka daɓen da aka goge da cokali aka yayyafa masa garin siminti har ya yi ƙyalli. Kafin kankare ya bushe, a ja tsintsiya mai tauri a kansa, a gitta gangaren, ya fito da ƙananan zane. Indararo, rariyar wanka da bututun na'urar sanyaya ɗaki duk a kai su kwata ta ƙarƙashin daɓe. Duk inda ruwa ke ɗiga kullum gansakuka za ta fito. A Ingila tun 2008, wanda zai daɓe fiye da murabba'in mita 5 a gaban gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa sai ya nemi izini, idan ruwan ba cikin filinsa zai nutse ba. Dalilin da ya sa suka yi haka muna da shi, mu da kwatocinmu ke cika da ruwan sa'a ɗaya. Barin tsirin ƙasa a jikin katanga don fulawa ko bishiya na rage ruwan da kake turawa layi. Sai dai darbejiya da irinta masu saiwa a sama a nisanta su da bakin daɓe, domin cikin 'yan shekaru za su ɗaga shi.

Kwanakin aiki

Ramin da aka haƙa aka tafi aka bari ya fi kowane baki haɗari. A tsara aikin bakin hanya yadda za a haƙa a cike cikin yini ɗaya ko biyu. Tifa ta juye yashi da tsakuwa a cikin gida, in babu wuri a jikin katanga, a tokare da bulo don kada su bazu. Igiyar awo a kwance ta da yamma. Duk abin da zai kwana a buɗe a kewaye shi da katako ko durom, a rataya fitila, a kuma bar wa mutane mashiga mai faɗin da kura za ta wuce. A gaya wa maƙwabta tun kafin a fara, musamman gidan da ke da tsoho ko makaho.

Gwaji kafin biyan ciko

Tun ranar ciniki ka gaya wa magini cewa akwai gwaji huɗu kafin ya karɓi cikon kuɗinsa. Na farko, a ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 2 a gitta bakin haɗuwar a wurare da yawa, duk inda fensir ya shige ƙarƙashinsa a gyara. Na biyu, ka sa silifa ka ja ƙafa a ƙasa daga titi zuwa get, daga gaban maƙwabcin dama zuwa na hagu. Inda ta kama, nan wani zai faɗi. Na uku, a tura baro cike da yashi a kan bakin, a ga ko yana tsalle ko wani bulo na motsi. Na huɗu, a kwara bokitin ruwa uku a ga inda ya nufa da inda ya kwanta. Ka ƙara da fitowa bayan isha'i ka bi wurin ba tare da tocila ba.

Idan an riga an yi, da kulawar bayan damina

Wanda daɓensa ya riga ya yi tudu ba sai ya rushe duka ba. Idan intalok ne, a ɗaga mita ɗaya ko biyu na bakin, a rage burjin, a sauke dutsen baki, a mayar da bulon. Aikin yini ɗaya ne. Idan kankare ne kuma bakin bai wuce yatsa ɗaya ba, a goge shi da inji ya kwanta. Idan ya fi haka, a yanke tsirin bakin a sake zubawa. Liƙa ɗan kwaɓin siminti a gindin tudu ɓarnar siminti ce, sati kaɗan zai ɓalle. Kafin a samu kuɗin gyara, a shafa wa bakin farin fenti ko ruwan ɗorawa, a sa ƙwan lantarki a saman get.

Bayan daminar farko a sake duba komai. A ƙara yashi a tsagogin da ruwa ko tururuwa suka kwashe, a ɗaga bulon da ya nutse a gyara ƙarƙashinsa, a kankare gansakuka. Duk lokacin da mai gyaran famfo ya haƙa, ka tsaya a kansa har ya daddale ƙasar ya mayar da bulo yadda ya same su.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Duk abin da aka lissafa a nan, in an yi shi tun farko, bai wuce ƙarin haƙa, hayar inji da tsayawar mai gida a kan aikinsa ba. Mai gida, ka ja igiyarka daga hanya. Magini, ka faɗa wa wanda ya ba ka aiki gaskiya ko da ya fi son tudu. Masu unguwa da limamai kuma su riƙa tuna wa jama'a cewa bakin ƙofar kowa hanyar kowa ce, kuma wanda ya faɗi a kan abin da ka gina yana da haƙƙi a kanka.